FILIN DIREBOBI: Rairayi Ba Ya Son Gaggawa

Duk direban da ya saba da hanyoyin ƙauyukan Mubi, daga gindin duwatsun Mandara har Sahuda a bakin iyakar Kamaru, ya san rairayi ya fi dutse mugunta. Da rani ruwan Yadzaram kan janye, ya bar yashi mai haɗiye mota, ko da Landirofa ce mai ja da ƙafa huɗu.

Gwanaye kan rage iskar taya kafin su shiga, su sa ƙaramar giya, ba sa taka burki a tsakiya. In mota ta kafe, ƙara wuta ƙara nutsewa ne. Shebur da rassan itace su ne magani. Da damina kuwa, wanda ya afka ruwa bai auna zurfinsa ba, ya sayar da rayukan fasinjojinsa da araha. Allah Ya kiyaye.