Rasha ba kawunku ba ce

Jiya bayan isha'i, a majalisarmu ta 'yan Arewa da ke karatu a nan Kudu, wani ƙanenmu ɗan aji uku ya kira ni ɗan koren Turawa. Laifina kawai na ce Putin bai damu da talakan Kano ba. To bari in faɗa a fili, kowa ya ji.

A karatunmu na hulɗar ƙasa da ƙasa akwai mazhabar da ake kira riyalizim. Abin da take cewa ba shi da daɗin ji: babu wata hukuma a saman ƙasashe da za ta kwato wa mai rauni haƙƙinsa, don haka kowace ƙasa tsaronta da moriyarta take bi. Hans Morgenthau ya shimfiɗa wannan a littafinsa na 1948, Kenneth Waltz ya ƙara masa gini a 1979. Farkon shigata digiri na biyu na tsani mutanen nan, wallahi. Tarihi ne ya sa na sauko.

Ku da kuke kukan Gaddafi kullum, na tambaye ku: a Maris 2011, da Kwamitin Sulhu ya kaɗa ƙuri'ar da ta buɗe wa NATO hanyar ruwan bama-bamai a Libiya, ina Rasha take? Tana zaune a ɗakin, da ikon hawa kujerar na-ƙi a hannunta. Ba ta hau ba. Ta ƙaurace wa ƙuri'ar, ita da Sin. Gaddafin nan kuwa tun 2003 ya watsar da shirinsa na manyan makamai don Turawa su karɓe shi. Yukiren ma ta miƙa makaman nukiliyar da ta gada bisa alkawarin Budapest na 1994, har da sa hannun Rasha. A 2014 Rashar ta cinye Kirimiya.

Ko a yaƙin basasarmu, Birtaniya da Tarayyar Sobiyet da ba sa ga-maciji duk sun bai wa gwamnatin Gowon makamai, Faransa ta karkata ga Biyafara. Wa ya yi don Allah a cikinsu?

Shi ya sa raina ya ɓaci da na ga yaranmu da tutar Rasha a titunan Kano lokacin zanga-zangar Agusta 2024. Tsanar Faransa da Amurka ba laifi, sun yi abin da za a tsane su. Amma yaran nan aka kwashe zuwa kotu a Abuja, ofishin jakadancin Rasha kuwa ya fito ya ce babu ruwansa da su.