Ƙananan motocin tsere na Faransa: gudu daban, daraja daban

Waɗanda suka ga wucewar tseren Paris-Dakar ta Agadez a shekarar 1987 ba su manta da wata guntuwar mota ruwan ɗorawa ba. Ita ce Peugeot 205 Turbo 16, wadda Ari Vatanen ya ci tseren da ita. A 1988 ma ita ta zo ta ɗaya a hannun Juha Kankkunen. Yau irin waɗannan motoci sun zama dukiyar ajiya a Turai, kuma farashinsu na ɗauke da darasi ga duk mai saye da sayarwa.

Wajen gudu, biyu ne suka daɗe suna kishi. Peugeot 205 GTI ta fito a 1984 da ƙarfin doki 105, aka ɗaga shi zuwa 130 a 1986. Renault 5 GT Turbo ta biyo baya a 1985 da doki 115, daga baya 120. Ta Renault ba ta da nauyi, tana zabura kamar an tsikare ta, amma injinta ba ya jure zafi. Duk da haka Alain Oreille ya ci tseren Kot Dibuwar da ita a 1989. Ta Peugeot kuwa ta fi juriya, sai dai ba ta yafe wa direban da ya saki totur a tsakiyar kwana.

Amma a kasuwar masu ajiya, gudu ba shi ke yanke farashi ba, ƙaranci ne. Dokar tsere ta lokacin ta tilasta wa Peugeot ƙera Turbo 16 guda 200 na hawan titi. Yau kowace ɗaya ta haura Euro 100,000, wato sama da miliyan 65 na sefa. Ita kuwa GTI da aka ƙera da yawa, ko kusa ba ta kai nan ba.

Labarin Clio Williams ta 1993 ya isa misali. Renault ta fito da ita ƴan kaɗan, kowace da lambarta. Da ta ga ciniki ya kankama, sai ta ƙara kashi na biyu da na uku, har adadin ya kai wajen 12,000. Masu sayen farko suka fusata, kuma har yanzu mai lamba ta fi ƙannenta daraja.

Sharaɗi na biyu shi ne asali. Motar da ke da injinta, fentinta, kujerunta da takardunta na farko ta fi wadda aka yi wa kwaskwarima kuɗi nesa ba kusa ba.

Saboda haka ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya gaji irin wannan mota, ko ya tarar da ita jingine a wani garaji, ya dakata kafin ya bari a sauya mata inji ko a farfasa ta a sayar da kayanta. Ya fara duba lambar jikinta, ya gwada da ta takarda. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani.