Ina Muka Kai Ma'anar "Service"?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da sababbin ma'aikata, akwai wata kalmar Turanci da muke furtawa kullum ba tare da mun auna nauyinta ba, wato "service". In bakanike ya juye wa mota baƙin mai, sai mu ce an yi mata sabis. In waya ta ƙi shiga, mu ce babu sabis. Da ita ake kiran ibadar Lahadi a coci, kuma tana cikin sunan shirin yi wa ƙasa hidima wanda Janar Yakubu Gowon ya kafa a 1973.

Rassan suna da yawa, amma saiwar ɗaya ce. Asalin kalmar daga Latin ne, inda "servus" ke nufin bawa. Ashe wanda Bature ya kira "civil servant" baran jama'a ne. Mu kuwa da muka fassara shi da "ma'aikacin gwamnati", sai jama'a suka ɓace daga sunan, sannu a hankali suka ɓace daga zukatanmu.

Mutumin Manga ta ƙasar Zuru ba ya bukatar ƙamus a nan. A al'adar golmo ta Dakarkari, saurayi yakan yi shekara 7 yana noma gonar surukinsa kafin a ba shi mata. Ya san hidima ake fara yi, sannan lada ya biyo.

Saboda haka, ranar da manomi ya taso tun daga Manga ya tsaya gaban teburinka a Zuru, kada ka sallame shi da "dawo gobe". Maigidanka ne ya zo.