A Dubi Kayan Kafin A Sayi Na'urar

'Yan'uwa ɗalibai, wata magana ta yi yawa a bakin 'yan boko, wai a zuba kayan tarihinmu cikin kwamfuta. Madalla, ban ƙi ba. Abin da na ƙi shi ne zaton da suke yi cewa da an sayo sikana, ko wace iri, shi ke nan an gama. Wasunsu ma da tsada suke auna kyanta.

Mu ɗauki Gidan Makama, nan kusa da fadar Sarki, wanda ake danganta gininsa da zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499). Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin ganuwa a ciki, da kayan yaƙi, da rubuce-rubucen hannu. To, don Allah, ƙyauren ƙofa zai kwanta a kan gilashin sikana?

Littattafan ne ma suka fi ba ni tsoro. Littafin malamanmu na da ba ɗinkakke ba ne. Warƙa-warƙa ne, a tara a bango, a sa a gafaka. Ba lambar shafi, sai dai a rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabata. Mai gaggawa da ya ga haka sai ya ce banza ta faɗi, a cusa su a na'urar ofis mai zuƙar takarda, kafin azahar an gama. Kaico! Takardar da ta haura shekara ɗari, hunturu ya busar da ita, gara ta ci bakinta, ita za a miƙa wa abin da zai ja ta da ƙarfi? Gefen ne zai fara yagewa, kuma a gefen nan ne malamai suke sa fassara da sharhi, sau da yawa da ajamin Hausa. Wato rabonmu ne, mu ɗaliban Hausa, zai fara salwanta. Mai murfin dannewa ma ba ta tsira ba, domin tawadar da aka haɗa da ƙaro tana ɓamɓarewa in an matsa mata.

Ni abin da nake goyon baya shi ne kyamara mai kyau a kan mariƙi tana kallon ƙasa, da fitila marar zafi dama da hagu. Ba abin da zai taɓa takarda sai hannun ma'aikaci. In aka haska ta daga ƙasa, tambarin da ke cikin jikinta zai fito, irin jinjirin wata ukun nan na takardun Italiya, wanda masana ke kintatar shekarun littafi da shi. Wannan kyamarar ita za ta ɗauki takobi da riga da ƙyaure. Tana aiki da batir, ko an ɗauke wuta.

Za a ce manyan na'urorin Turai sun fi ta. Ƙwarai kuwa, a ɗaki mai sanyi inda wuta ba ta ƙiftawa. Ranar da ƙura ta shiga cikinta, wa zai gyara? Sai a lulluɓe ta da zane, ta zama ita ma kayan tarihi.

Ba ina cewa a yi nawa ba. A Janairun 2013 an ƙone ko an kwashe littattafai wajen 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba ta Tumbuktu. Amma kafin a sa hannu a kowace kwangila, a rubuta wanda zai riƙe asalin hotunan, da wurare nawa za a ajiye kwafinsu. Littattafan Malam Umaru Falke, malamin Kano da ya rasu a 1962, suna Jami'ar Northwestern a Amurka. Ba na so hotunan na Gidan Makama su bi sawunsu, mu koma muna roƙon izinin karantawa.