Ciwon Baya da Nauyin Zuciya

Ya ɗan'uwa, ya 'yar'uwa, in bayanka ko ƙugunka ya yi wata uku ko fiye yana ciwo, wannan ɗan littafi naka ne. Wataƙila ka sha ƙwaya, an yi maka allura, ka shafa man zafi, har ƙaho an yi maka, amma jiya i yau. Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce basir ne, wani ma ya ce jifa aka yi maka.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ga ra'ayina: kaya iri biyu ne ke danne bayan mutum. Akwai wanda aka ɗora a ka, akwai wanda aka ɗora a zuciya. Na farkon kowa yana ganinsa. Na biyun ba a cika tambaya ba, ba a kuma cika faɗa ba. Mai neman sauƙin tsohon ciwon baya, sai ya yarda a duba duka biyun.

Zaman zango

Bari mu ɗauki misali da Nima da Mamobi, manyan unguwannin zango na birnin Akra a ƙasar Gana. Da yawa daga cikinku kuna da 'yan'uwa da suka tafi can neman kuɗi, kuma abin da ke damunsu bai yi nisa da abin da ke damunku ba.

A kasuwar Nima za ka ga 'yan matan da ake kira kayayei, galibinsu daga arewacin Gana, da manyan kwanoni a ka tun safe har dare. Za ka ga mai sayar da koko da ƙosai da ta tashi tun kafin asuba tana sunkuye a bakin wuta. Ga direban motar haya da ya wuni a zaune cikin cunkoso, ga tela a kan keke. Duk wannan aiki ne mai cin baya, babu mai musu.

To, amma in dare ya yi, wane kaya kowannensu yake kwana da shi? Dokar haya ta Gana ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin fiye da wata 6 a gaba, amma a Akra an saba neman na shekara ɗaya ko biyu a dunƙule. Magidanci yana kwance da iyalinsa a ɗaki ɗaya yana lissafin inda zai samo su. Daga gida kuma ana ta bugo waya: ga kuɗin taki, ga kuɗin makaranta, ga tsohuwa ba lafiya. Ba zai iya cewa babu ba, don kada a ce ya je birni ya lalace. Matar da aka yi wa kishiya an ce ta yi haƙuri, ta yi. Wadda ta binne ɗanta an ce kada ta yi kuka, ta haɗiye. An koya mana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gaskiya ne. Sai dai abin da ciki ya daɗe yana riƙewa, jiki ne ke biyan kuɗinsa.

Yadda zuciya ke taɓa baya

Ka tuna ranar da ka ji mummunan labari. Gabanka ya faɗi, bakinka ya bushe, wuyanka da kafaɗunka suka ɗaure. Babu wanda ya taɓa ka, amma jikinka ya amsa. Haka aka halicce mu, domin mu yi shirin gudu ko kare kai. In tsoro ko fushi ya wuce, jiki yakan saki. In kuwa ya zauna wata da watanni, naman baya yakan kasance a ɗaure, barci ya lalace, kuma wanda bai yi barci ba, ciwo kaɗan ma yakan yi masa yawa.

Akwai abu na biyu. Jijiyoyi ne ke kai saƙo daga baya zuwa ƙwaƙwalwa, ita kuma ƙwaƙwalwa ta yanke hukunci ko akwai haɗari. In ta ga akwai, sai ka ji zafi. Wani lokaci raunin farko ya riga ya warke, amma ƙwaƙwalwa ba ta daina tsoro ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Kana sunkuyawa kaɗan, sai ta buga ƙararrawa. Zafin da kake ji na gaske ne. Ba ƙarya kake yi ba, ba ragwanci ba ne, ba kuma taɓin hankali ba ne.

Abin da masu bincike suka gano

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon baya ta wajen ƙugu. A cikin kowane 10, kusan 9 ba a samun wata cuta takamaimai da za a nuna a ce ita ce sanadi.

A 1994 likitoci a Amurka sun ɗauki hoton baya na mutum 98 da babu abin da ke damunsu, da na'urar da ake kira MRI. Fiye da rabinsu an ga guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayansu ya ɗan turo, alhali ba su jin ciwo ko kaɗan. Ashe irin wannan sauyi kamar furfura ce, yana zuwa da shekaru. Don haka in an nuna maka hoto an ce ƙashinka ya ɗan goge, kada ka ɗauka bayanka ya gama aiki.

Wani likita a birnin New York mai suna John Sarno, wanda ya rasu a 2017, ya yi shekaru yana koyar da cewa fushin da aka danne shi ne tushen yawancin ciwon baya. Mutane da yawa sun ce sun ji sauƙi ta hanyarsa. Amma yawancin likitoci ba su karɓi bayaninsa gaba ɗaya ba, ni ma ban karɓe shi duka ba. Yarinyar da ke ɗaukar buhun doya a Nima, ba za a ce mata fushi kaɗai ne ke damunta ba. Sai dai ya buɗe ƙofar da ta kamata a buɗe.

A 2021 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Jami'ar Colorado da mutum 151 masu tsohon ciwon baya. Kashi ɗaya an zauna da su sau 8 cikin mako 4, ana koya musu su daina jin tsoron ciwon. A cikin waɗannan, 66 bisa 100 sun rabu da ciwon ko sun kusa rabuwa da shi. A cikin waɗanda suka ci gaba da maganinsu na kullum, 10 bisa 100 ne kawai. A watan Disamba na 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan tsohon ciwon baya. Ta ba da shawarar motsa jiki, da wayar da kan majiyyaci, da magani ta hanyar tattaunawa. Ta kuma yi gargaɗi a kan magunguna masu sa maye irin su tiramadol.

A fara da asibiti

Kafin ka ce ciwonka na damuwa ne, sai ma'aikacin lafiya ya duba ka. Akwai ciwon baya da ba ya jira. Ka tafi asibiti ba da ɓata lokaci ba in ka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Ƙafa ta yi rauni, ko tana ja, ko ta mutu.
Fitsari ko bayan gida ya ƙi fita, ko yana zuba ba ka sani ba.
Tsakanin cinyoyi ya daina jin taɓawa.
Zazzaɓi, zufar dare, rama, ko tari mai daɗewa. Tarin fuka yakan kama ƙashin baya, kuma yana da magani.
Ƙusumbi ya fara fitowa a baya.
Ciwon ya biyo bayan faɗuwa ko haɗarin mota.
Jini a fitsari, ko ciwon baya ga mai ciki tare da zubar jini.

Wanda ke Nima ko Mamobi, ga babban asibitin Mamobi kusa da shi, kuma in abin ya fi ƙarfinsu sukan tura mutum Korle Bu. Kai da ke ƙauye, fara da ɗakin shan magani mafi kusa.

In an duba ba a ga haɗari ba

Na farko, ka yarda da albishir ɗin. Kada ka ce likita bai iya aiki ba don bai ga kome ba.

Na biyu, kada ka kwanta. Doguwar kwanciya tana ƙara sandarar da baya. Yi tafiya kowace rana, ka ɗan ƙara nisa kowane mako. Koma gona ko kasuwa sannu a hankali. Raba kaya gida biyu, ka huta tsakani.

Na uku, ka kiyayi ƙwaya. Magunguna irin su diclofenac, in ana sha kullum, suna jawo gyambon ciki, suna kuma lalata ƙoda. Tiramadol kuwa yakan kama mutum ya kasa bari, kuma matasan zango da yawa sun shiga wannan rami da sunan neman ƙarfin aiki.

Na huɗu, ka tambayi kanka: yaushe ciwon nan ya fara? Me ya faru a gidana a lokacin? Wace rana yake tsananta, ranar aiki ko ranar da aka ɓata mini rai? Sau da yawa amsar tana nan kusa.

Na biyar, ka sami mutum ɗaya mai riƙon amana ka faɗa masa abin da ke cin ranka. Zai iya zama ɗan'uwa, aminiya, fasto, malam, ko mu ma'aikatan jinya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In baƙin ciki ya hana ka ci da barci, ko ka fara jin gara mutuwa, faɗa mana a ranar. Wannan ma ciwo ne, kuma ana maganinsa.

Wani zai ce, ina haƙurin da aka san mu da shi? Haƙuri yana nan, kuma abu ne mai kyau. Amma haƙuri dabam, haɗiye baƙin ciki dabam. Mai haƙuri yana iya yin kuka. Yana iya ce wa 'yan'uwansa, bana ba ni da shi. Mace tana iya zaunar da mijinta cikin ladabi ta ce, abin nan ya yi mini ciwo.

Ku kuma shugabannin jama'a, da zumuntar mata, da masu zuwa gaida marasa lafiya, kuna da rabo a wannan aiki. In kun je gaisuwa, kada ku tsaya a “Yaya jiki?” da “Da sauƙi.” Ku zauna. Ku tambayi labarin gida. Ku saurara ba tare da saurin yin wa'azi ba, kuma abin da kuka ji ya tsaya a wurinku. In ɗanku yana Nima yana aiko muku da kuɗi, wata rana ku kira shi ba don roƙo ba, ku tambaye shi yadda yake kwana.

Allah ya ba mu lafiya, ya sauƙaƙa mana kayan da muke ɗauke da su.