Gyara Kayanka: Tiyon Ruwa, Daga Bakin Famfo Zuwa Bakin Salati

A yau za mu tattauna a kan wani abu da muke tsallakewa kullum a lungunan Nima da Maamobi ba tare da mun dube shi ba, wato tiyon ruwa, wanda wasu ke kira mesa, tare da kan da ake ɗaura masa, da wurin da ake naɗe shi, da kuma ɗan uwansa injin feshi.

A ƙasashen Turai, idan aka ambaci tiyo, furanni da ciyawar ƙofar gida ke zuwa wa mutum a rai. Mu kuwa a zango, inda ɗaki ke jingine da ɗaki, aikinsa ya fi haka nauyi. Da shi ake cika tanki, da shi mai sayar da ruwa ke cika jarkoki, da shi ake wanke masallaci kafin Juma'a, ake wanke raguna gabanin babbar Sallah, ake wanke motoci da babura. Saboda haka ruwan da jariri zai sha, da wanda za a dafa waakye da shi, sau da yawa ta cikin wannan robar ya biyo. Duk wanda ya riƙe tiyo, ya sani amanar lafiyar gida guda ya riƙe, wani lokaci ma ta layi guda.

Mu fara da sanin ruwan kansa. Mafi yawan ruwan famfon Accra daga wurare biyu yake zuwa: madatsar Weija da ke kan kogin Densu ta yamma, da matatar Kpong da ke kan kogin Volta. A 2015 aka ƙara da matatar ruwan teku ta Teshie. Duk da haka, kowa ya san yadda famfo kan yi kwanaki ba ya kawowa, musamman da hunturu da bazara, kuma idan ya kawo yakan zo da rauni. Jarkar nan mai ruwan ɗorawa da muke kira galan ɗin Kufuor ta samu sunanta ne a zamanin mulkin John Agyekum Kufuor, daga 2001 zuwa 2009, lokacin da ƙarancin ruwa ya sa kowane gida ya tanade ta. Waɗannan abubuwa biyu, raunin ruwa da yankewarsa, su ne ya kamata su ja ragamar zaɓinmu idan mun shiga kasuwa.

Game da tiyon, kauri biyu aka fi samu: mai rabin inci da mai inci uku bisa huɗu. A ido bambancinsu kaɗan ne, amma faɗin ramin na biyu ya ninka na farko fiye da sau biyu, don haka inda ruwa ba shi da ƙarfi shi ne ya fi dacewa da cika tanki. Tsawo kuma yana cinye ƙarfin ruwa. Wanda mita goma za ta ishe shi, idan ya sayi talatin ya sayo wa kansa jira ne. A nemi mai zare a cikin jikinsa, domin ba ya saurin lanƙwashewa ko fashewa. A guji wanda ake ganin cikinsa garau idan a rana zai zauna, saboda hasken rana yana tsirar da gansakuka a ciki. Haka nan ba kowane tiyo aka ƙera don ruwan sha ba, wanda ke warin roba mai ƙarfi a bar shi ga wankin mota. Araha dai ba ta ado.

Sai maganar kan tiyo. A shagunan kayan famfo akan ga masu siffar bindiga, da kunama, da faifan da ake juyawa ya ba da feshi iri shida ko bakwai. Suna da kyan gani, amma an yi su ne don ruwa mai ƙarfi. Ga lissafin da masu gyaran famfo suka sani: kowane tsayin mita goma yana ba da ƙarfin da ake kira ba ɗaya, kuma irin waɗannan kawuna sun fi yin aiki da ba biyu zuwa uku. Tankin da ke kan dakali mai tsayin mita uku kuwa bai kai sulusin ba ɗaya ba. Idan aka ɗaura masa irin wannan kai, sai ruwa ya riƙa zuba kamar hawaye, maigida ya yi ta zargin mai shago. Ga gidan da ke dogara da tanki, ɗan makunnin nan mai hannu guda, wanda ake juyawa kwata ya buɗe ko ya rufe, ya fi komai amfani. Mai kunama kuma ya dace da masu wankin mota da ke da injin turo ruwa.

Kowane iri aka zaɓa, sharaɗin shi ne a iya rufe ruwa daga hannun mai aiki. Muna roƙon kowane gida ya yi wannan ɗan gwaji. A sa tiyo a jarka mai lita 25, a duba agogo. Idan ta cika cikin minti biyu, to duk minti goma da aka bar tiyon yana kwarara a ƙasa yayin da ake goga sabulu ko ake amsa waya, an zubar da jarka biyar ke nan. Jarka biyar kuwa yarinyar da ke ɗauko su a ka ita ta san nauyinsu. Malamanmu sun sha karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi alwala da mudu guda na ruwa, wanda bai kai lita ɗaya ba. Abin kunya ne a ce harabar da ake karantar da wannan ita ce ake bar wa tiyo a buɗe. Kuma ruwan da ya kwanta a tsakar gida, bayan asarar kuɗi, masaukin sauro ne.

Yanzu ga abin da ya fi damun mu. Kwanakin baya mun ziyarci wani gidan haya, muka tarar an jawo tiyo daga maƙwabta, ya ratsa ta cikin kwata, kuma daidai inda ya nutse akwai haɗin da aka ɗaure da tsinken robar taya. Da muka yi magana sai aka ce ai ruwa waje yake fita, ba ciki yake shiga ba. Wannan gaskiya ne muddin famfo yana kawowa da ƙarfi. Amma da zarar an ɗauke ruwa, wanda ya rage a cikin bututu yakan koma baya zuwa gangare, sai ya haifar da zuƙa kamar yadda yaro ke zuƙar lemo da tsinke. A lokacin duk abin da bakin tiyo ko hujinsa ke ciki, ruwan kwata ne ko ruwan wanki, zai iya shiga, har ya kai ga bututun maƙwabta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba mu manta da kwalarar 2014 ba, wadda ta kama mutum sama da 28,000 a Ghana, ta yi sanadin rasuwar fiye da 240, kuma yankin Accra ne ya fi jin jiki. Wannan cuta ta ruwa da abincin da najasa ta taɓa take bi.

Maganin abin bai da tsada. Kada a tsoma bakin tiyo a cikin bokiti ko tanki, a rataye shi sama da ruwan ta yadda za a ga iska a tsakani. Kada ya ratsa kwata, idan babu makawa a ɗora shi a kan katako. Inda ya huje a yanke wurin, a haɗa da abin haɗi na gaskiya da ƙarfen matsi, a kuma sauya zoben robar da ke bakin famfo idan ya fara ɗiga. Ruwan farko da ya kwana a cikin tiyo, ko ya sha rana, a tare shi a bokiti don shara ko ban ruwan zogale, kada a sha.

A nan ne amfanin naɗi yake. Akwai abin naɗi na kanti mai hannun juyawa, wanda ya dace da masallatai da makarantu masu dogon tiyo. Amma tsohon ƙarfen tayar mota da aka kafe a bango, ko ma guntun bokiti, zai yi wa gida wannan aiki. Ƙusa guda ce ba ta dace ba, domin tana karya robar a wuri ɗaya. A tsiyaye ruwan, a naɗe da faɗi, a rataye a inuwa, a toshe bakin ko a haɗa bakunan biyu, domin kada kyankyaso ya kwana a ciki. Rana da tayar babur su ne manyan maƙiyan tiyo.

Akwai kuma 'yan uwanmu masu lambu a Dzorwulu da Roman Ridge, waɗanda da yawansu 'yan arewacin Ghana ne da Burkina Faso, kuma a unguwanninmu wasunsu suke kwana. Su ke noma latas da kabeji da albasa mai ganye da muke ci. Galibi da garwar yayyafi mai lita 15 suke ban ruwa, ɗaya a kowane hannu, daga rafuka da magudanan da ba su da tsabta. Masu bincike na cibiyar kula da ruwa ta duniya, IWMI, wadda ke da ofishi a Accra, sun nuna cewa barin kan garwar mai huji-huji a wurinsa, da sauke hannu ƙasa-ƙasa, yana rage fantsamar ƙasa da ƙwayoyin cuta a kan ganye, haka ma dakatar da ban ruwan kwanaki kaɗan kafin cira. Uwargida kuma nata aikin shi ne ta wanke ganyen sosai da ruwa mai tsabta da ruwan tsami na kanti kafin ya hau faranti.

Daga ƙarshe, injin feshi na goyo, mai cin lita 15 ko 16. Kansa iri biyu ne: mai baza feshi kamar mafici na maganin ciyawa ne, mai feshi a kewaye kamar mazurari kuma na maganin ƙwari ne. Idan kan ya toshe, kada a busa shi da baki, kada kuma a soka masa allura, a wanke shi da ruwa da tsohon buroshi. A yi feshi da sassafe ko da yamma, a guji iska mai dawo da shi kan mutum, a rufe hanci da hannuwa, a kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba tsakanin feshi da girbi. Wajen cika injin, kada tiyon gida ya shiga cikinsa, a zuba da bokiti na musamman. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a huda ta, domin kada wani yaro ya mayar da ita gorar ruwa.

Muna ƙara jan kunne game da ɗakunan kwana. Kuɗin cizo da kyankyaso suna sa mutane kai hannu ga maganin gona. A 2018, a nan Accra, yara uku 'yan gida ɗaya suka rasu bayan an yi amfani da ƙwayar hayaƙin da aka yi don rumbun hatsi a cikin ɗaki. Allah Ya jiƙan su, Ya ba iyayensu haƙuri. Maganin da aka rubuta na gona ne, to a gona zai tsaya.

Muna kira ga masu gidajen haya, da kwamitocin masallatai, da masu sayar da ruwa, kowa ya zagaya ya dubi tiyonsa a wannan mako: ina ya bi, ina bakinsa ya kwana, kuma da me ake rufe shi. Kuɗin makunni guda bai kai na kwana ɗaya a gadon asibiti ba, kuma rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu ruwa mai albarka, Ya kare mana zuriya.