Kun Kafa Saba, Kun Bar Faifai Cikin Duhu

Duk wanda ya karɓi kuɗin mutanen Daudawa, Faskari, Ƙanƙara ko Sabuwa, ya kafa musu babbar kwamfutar ajiyar bayanai, wato saba, da faifan SSD, ya kama gabansa bai duba TRIM ba, ya ci amana.

Jama'a, ku gane abin. SSD ba ya rubutu a kan tsohon rubutu, sai ya goge rukuni guda tukuna. In kun share fayil, kwamfuta ce ta sani, faifan bai da labari. TRIM shi ne umarnin da ke sanar da shi. In bai isa ba, faifan zai yi ta kwasar shara daga ɗaki zuwa ɗaki kamar dukiya, gudunsa na raguwa, kwanansa na ƙarewa.

Sabon ilimi ne? Windows 7 ta zo da shi tun 2009, Linux ta biyo baya a 2010.

Inda gizo ke saƙar shi ne katin RAID da ke tsakanin kwamfuta da faifan. Da yawa daga cikin katunan nan, da zarar an haɗa faifai a tsarin RAID, ba sa barin TRIM ya wuce. Masu sana'ar sun sani sarai.

Amma me suke yi? Su buga umarnin fsutil, sifili ya fito, su ce, "Alhaji, ga shi nan a kunne." Sifilin nan Windows kawai yake wa shaida cewa tana aikawa. Wa ya ce ya isa?

Gyaran ba gagarau ba ne. A kwafe bayanai gefe, a mayar da katin tsarin HBA, wanda ke barin umarni ya wuce kai tsaye, in yana yarda, a sabunta direbansa. A Linux, umarnin lsblk da fstrim za su nuna gaskiya nan take. In katin ya ƙi, a bar wani yanki na faifan ba a raba shi ba, ya samu wurin juyawa.

Ba su yi ko ɗaya ba. Bayan watanni saba ta fara jan ƙafa, sai laifi ya koma kan NEPA da ƙurar hunturu. Mai kaya ya ɗauki na'ura zuwa Funtuwa, a kan hanyar da kowa ya san halinta, a sake sayar masa da wani faifan. Wanda ya jawo cutar shi ne kuma mai cin ribar magani?

Kada ku biya cikon kuɗin aiki sai an nuna muku TRIM ya isa faifan.